Peltier, mai gyaran agogon da ya samo sanyi a cikin wutar lantarki

Gyaran kwamfuta nake yi a Black Market na Adjamé, kuma asara ce ta haɗa ni da sunan Peltier. Wani yaro daga Treichville ya kawo mini kwamfutarsa ta wasanni, wai tana ɗaukar zafi ta mutu. Na ɗauko wani ɗan farin faranti mai wayoyi biyu, ja da baƙa, irin wanda ake samu a cikin ƙananan na'urorin sanyaya ruwan sha, na manna shi a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sanyi kam ya samu. Bayan kwana uku sai ga yaron da ita, ko motsi ba ta yi. Ashe raɓa ce ta taru a ƙarƙashi ta jiƙa allon. Iskar Abidjan ai rabinta ruwa ne, duk wanda ya taɓa maƙalewa a mahaɗar Indénié da damina ya sani. Ni na biya. Haushin kuɗin nan ya sa na bi diddigin mutumin da ake kiran farantin da sunansa.

An haifi Jean Charles Athanase Peltier a garin Ham, arewacin Faransa, ranar 22 ga Fabrairu 1785. Ubansa takalma yake yi, ba kuɗin dogon karatu, sai aka kai yaron koyon aikin agogo. Daga baya ya koma Paris, har ya yi aiki a wurin Breguet, fitaccen maƙerin agogo na zamanin. Wannan ne ya fara ja mini hankali: mutumin namu ne, mai zama a kan benci da ƙananan sukurori.

A 1815 wani ɗan gado ya shigo ta ɓangaren matarsa. Ba dukiya ce ta a zo a gani ba, amma ta ishe su ci. Yana da shekara 30 ya ajiye agogo ya kama bincike. Ni dai da shago na biyu zan buɗe.

A 1834 ya lura da abin da ya bar masa suna. Idan aka haɗa bakin ƙarfe biyu mabambanta, kamar bismut da antimoni, aka tura musu wuta, mahaɗar takan yi ɗumi. A juya hanyar wutar, sai ta yi sanyi. Tun 1821 Bajamushe Seebeck ya ga kishiyar haka, wato bambancin zafi na haifar da lantarki. Peltier ya auna daidai, hannun mai agogo ne, sai dai bai gane girman abin ba. Lenz ne a Rasha, a 1838, ya ɗiga ruwa a mahaɗar ya zama ƙanƙara, ya juya wutar ya narke.

Daga nan maganar ta kwanta fiye da shekara 100, don ƙarfe zalla yana maido da zafin baya nan take. Sai wajen 1950, da aikin su Abram Ioffe a Tarayyar Sobiyet da samun haɗin bismut da telurium, aka fara ƙera abin amfani. Farantin da na manna wa yaron nan jikan wannan aiki ne: santimita 4 kowane gefe, mahaɗai 127 a jere, yana shan bolt 12. Ba ya kashe zafi, kwashe shi yake daga wannan fuska zuwa waccan, ya ƙara da nasa na wat 60 ko fiye. In fanka ba ta janye duka ba, an ƙara wa Borno dawaki. In kuma sanyin ya yi yawa, raɓa. Da Intel da Cooler Master suka fitar da nasu a 2020, sai da suka sa masa ma'aunin laimar iska.

Abin dariyar, yanayin sama ne ya cinye sauran rayuwar Peltier. Ya bi lantarkin da ke cikin gajimare, ya rubuta littafi kan guguwar ruwa a 1840. A 1842 ya hau tsaunukan Alps don aune-aune, sanyi ya kama shi, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu a Paris ranar 27 ga Oktoba 1845, yana da shekara 60.