Abdullahi ɗan Fodiyo: Malamin da ya adana tarihin jama'arsa cikin waƙa

Garin Bagudo da ƙauyukan da ke bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin suna ƙarƙashin Masarautar Gwandu a yau. Tushen wannan masarauta kuwa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka haifa wajajen 1766.

Abdullahi ya yi karatu a gaban yayansa da Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya shahara a nahawu da fiƙihu da waƙar Larabci. Da jama'ar Shehu ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, shi ya jagoranci rundunar da ta yi galaba a Tabkin Kwatto. Daga baya wuya ta zo: asarar rayuka a Tsuntsuwa da Alwasa, ga yunwa, ga rashin matsuguni.

Wannan gwagwarmaya ta tsira ita ce zuciyar littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813. A ciki ya jera waƙoƙinsa tare da bayanin abin da ya haifar da kowace, ya yi makokin abokan da suka faɗi, ya kuma bayyana asalin danginsa na Toronkawa.

Amma abin da ya fi damunsa shi ne kada jama'a ta tsira da ranta ta rasa aƙidar da ta haɗa ta. Da ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga zukata, sai ya bar fagen fama ya nufi Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan shugabanci na adalci, sannan ya komo gida.

A 1812 Shehu ya danƙa masa yammacin daula, ɓangaren da ya miƙe zuwa kogin Kwara. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi, aka sami ɗan tsamin dangantaka tsakaninsu. Yaƙin Kalambaina ya sake haɗa kansu, Abdullahi ya yi wa ɗan yayansa mubaya'a.

Ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa da rubutu, ya rasu a Gwandu a 1829. Kabarinsa na can, tafsirinsa Liya'ut Tawili kuma har gobe ana karanta shi a zaurukan malamai.