George Boulenger, mutumin da ya raɗa wa hawainiya mai ƙaho uku suna

In kana yawan kallon bidiyon dabbobi a TikTok, da wuya ba ka taɓa cin karo da wata koriyar hawainiya mai ƙaho uku a ka ba. Asalinta tsaunukan Kenya da Tanzaniya ne. Namijin ne mai ƙahonnin, macen kuwa haihuwar 'ya'ya take yi kai tsaye, ba ta saka ƙwai kamar irin tamu ta gida. Wanda ya fara bayaninta a kimiyance, a 1896, shi ne George Albert Boulenger.

An haife shi a Brussels ta ƙasar Beljiyam a 1858. Yana ɗan shekara 22 aka gayyace shi gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan, don ya tsara kundin kwaɗi da danginsu. Nan fa ya zauna, kusan shekara 40. Aikin ba na burgewa ba ne: a kawo dabba a kwalba, ya auna ta, ya ƙirga ɓawon jikinta, ya gwada da waɗanda aka sani, sannan ya rubuta. A haka ya bayyana nau'i sama da 2,000 na kifaye da kwaɗi da masu jan ciki, har da kifayen yankin Neja Delta.

Sai dai fa akwai abin lura. Sunan da ya ba hawainiyar na Frederick Jackson ne, Baturen mulkin mallaka da daga baya ya zama gwamnan Uganda. Mutanen da suka san ta tun kaka da kakanni ba su shiga lissafi ba.

Duk da haka sunan ya yi rana, domin doka ba ta iya kare abin da ba a tantance ba. Yau hawainiyar Jackson tana cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe.

Boulenger ya yi ritaya a 1920, ya koma nazarin furen wardi, ya rasu a Faransa a 1937. Har gobe masana na gano sabbin nau'in hawainiya, musamman a Madagaska, a dazuzzukan da ake ta sarewa. Don haka in ka ga hawainiya a gona, kar ka ɗauki dutse. Ba ta da dafi. Ɗauke ta hoto, ka ɗora a iNaturalist tare da sunan garinku.