Antonio Gramsci, ɗalibin kimiyyar harshe da ya zama jagoran ma'aikatan Italiya

An haifi Antonio Gramsci ranar 22 ga Janairu 1891 a Ales, wani ƙaramin gari a tsibirin Sardiniya, ya kuma tashi a Ghilarza. Yana ɗan shekara bakwai aka kama mahaifinsa, wanda ma'aikacin gwamnati ne, bisa zargin taɓa kuɗin hukuma, bayan ya goyi bayan ɗan takarar da ya faɗi zaɓe. Gida ya shiga matsi. Yaron kuma ciwon ƙashin baya ya bar masa ƙusumbi, ya hana shi tsawo. Yana shekara goma sha ɗaya ya fara ɗaukar manyan kundaye a ofishin rajistar filaye don a samu na sawa a baka.

A 1911 ya ci jarrabawar tallafin karatu zuwa Jami'ar Turin, lira 70 a wata, kuɗin da bai isa haya da abinci da rigar sanyi ba. A can ya zauna gaban Farfesa Matteo Bartoli, masanin tarihin harsunan da suka fito daga Latin. Bartoli yana koyar da cewa sabuwar kalma ko sabon furuci sukan yaɗu ne daga cibiyar da ke da ƙima a idon jama'a, mutanen gefe suna kwaikwayo da son ransu, ba tare da an sa musu wuƙa a wuya ba. Gramsci ya riƙa rubuta wa mutanen gida wasiƙu yana tambayar yadda ake furta wasu kalmomin Sardiniya, don aikin malamin. Bartoli ya sa ran ya samu magaji, amma talauci da rashin lafiya da siyasa suka janye ɗalibin, ya bar jami'a a 1915 ba tare da digiri ba, ya koma aikin jarida.

Turin a lokacin ita ce garin Fiat, cike da dubban ma'aikatan ƙarfe. Ranar 1 ga Mayu 1919 Gramsci da Palmiro Togliatti da Angelo Tasca da Umberto Terracini suka fitar da mujallar L'Ordine Nuovo. A watan Nuwamba na shekarar jam'iyyar gurguzu ta Italiya ta samu kujeru 156 a majalisar dokoki, ta fi kowace jam'iyya. Wannan nasara ba ta ruɗi Gramsci ba. A ganinsa jam'iyyar tana farkawa lokacin zaɓe, ta tara ƙuri'u, sa'an nan ta koma barci, mai jefa ƙuri'a kuma ya koma gida yadda ya fito. Abin da mujallar ta sa a gaba shi ne majalisun masana'antu, inda kowane sashe na ma'aikata zai zaɓi wakilinsa, da ɗan ƙungiyar ƙwadago da wanda ba ya ciki, su koyi lissafin kaya da tsara aiki da yanke shawara, ta yadda ranar da mulki ya zo hannunsu ba za su tsaya kallon-kallo ba.

A Afrilu 1920 Turin ta yi yajin aikin gama-gari don kare majalisun, amma shugabannin jam'iyya da na ƙwadago suka bar ta ita kaɗai. A Satumba ma'aikata suka mamaye masana'antu a arewacin ƙasar, suka ci gaba da ƙera kaya ba tare da masu gida ba, daga ƙarshe aka sasanta da alkawuran da ba a cika ba.  Ranar 21 ga Janairu 1921 a Livorno aka ɓalle aka kafa jam'iyyar kwaminis ƙarƙashin Amadeo Bordiga. Rabuwar ta zo a mummunan lokaci, domin a Oktoba 1922 Mussolini ya hau mulki.

Gramsci yana Mosko a lokacin, inda ya haɗu da Julia Schucht, wadda ta haifa masa ƴaƴa biyu maza. Na biyun bai taɓa sa shi a ido ba. An zaɓe shi ɗan majalisa a Afrilu 1924, ya dawo gida ya karɓi ragamar jam'iyya. A wannan shekarar aka fara buga jaridar l'Unità, wadda shi ya ba da shawarar sunanta don nuna haɗin kan ma'aikatan arewa da manoman kudu. Ya buɗe wa ƴan jam'iyya makarantar siyasa ta hanyar wasiƙa. A Oktoba 1926 ya rubuta wa shugabannin jam'iyyar Rasha gargaɗi game da yadda suke cin naman juna, Togliatti kuma bai miƙa wasiƙar a hukumance ba. Ranar 8 ga Nuwamba aka kama shi, duk da kariyar da doka ta ba ɗan majalisa. Ko a tsibirin Ustica, inda aka fara tsare shi na ƴan makonni, sai da shi da Bordiga suka shirya wa fursunoni azuzuwan karatu. A 1928 kotu ta musamman ta yanke masa shekara 20 da wata 4 da kwana 5.

A gidan kason Turi, kusa da Bari, ya fara rubutu a Fabrairu 1929. Abokinsa masanin tattalin arziki Piero Sraffa ya buɗe masa asusu a wani kantin littattafai na Milan, ƴar'uwar matarsa Tatiana kuma ta zame masa ƙofa zuwa duniya. Ya cika littattafan rubutu 33, kimanin shafi dubu uku, yana neman amsar tambaya guda: me ya sa aka ci nasara a Rasha aka faɗi a Italiya? Amsarsa ita ce a Yammacin Turai masu mulki ba su dogara ga soja da ƴan sanda kaɗai ba. Bayan gwamnati akwai makaranta da coci da jarida da ƙungiyoyi, waɗanda ke sa talaka ya ɗauki ra'ayin mai mulki tamkar hankalinsa na kansa. Wannan jagoranci da ake samu da yardar waɗanda ake jagoranta shi ya kira egemonia. Wanda ya karanta Bartoli zai gane fuskar abin nan take, don kuwa hanyar da karin harshen birni ke bi ya rinjayi na ƙauye ce aka ɗauko aka ɗora a kan siyasa. Franco Lo Piparo ya bi diddigin wannan alaƙa a wani littafi na 1979, ko da yake wasu masana suna ganin ya rage rabon Lenin a ciki.

Daga nan Gramsci ya bambanta yaƙin farmaki, na kai hari sau ɗaya a ƙwace mulki, da yaƙin kafa sansani, na shekara da shekaru ana cin tudu bayan tudu a cikin al'umma. Na biyun yana buƙatar masana da suka tsiro daga cikin ma'aikata da manoma, masu iya magana da bakin mutanensu. Bai raina harshen gida ba: a 1927 ya roƙi ƙanwarsa Teresina ta bar ɗanta ya yi yaren Sardiniya yadda yake so. Amma ya dage cewa wanda aka tsare a karin ƙauyensu kaɗai an tsare shi daga manyan muhawarorin ƙasa, don haka dole talaka ya mallaki daidaitaccen harshe shi ma. Ɗalibin da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci a gida ya tarar da Faransanci a aji ba ya buƙatar a fassara masa wannan damuwa.

Ra'ayinsa bai yi wa kowa daɗi ba. A 1930 ya gaya wa ƴan uwansa fursunoni cewa bayan faɗuwar Mussolini sai an bi ta majalisar tsara tsarin mulki tare da sauran masu adawa, abin da ya saɓa wa umarnin Mosko na lokacin. Wasunsu suka ƙaurace masa. Jiki ya ci gaba da lalacewa, aka kai shi asibiti a Formia a 1933, sa'an nan Roma a 1935, inda ya rasu ranar 27 ga Afrilu 1937 yana da shekara 46.

Tatiana ta fitar da littattafan a ɓoye, suka isa Mosko. An buga su a Italiya tsakanin 1948 da 1951, bayan an jera su bisa jigo ƙarƙashin idon Togliatti, cikakken bugu na Valentino Gerratana kuma ya fito a 1975. Jam'iyyar da ya bari ta tara mambobi sama da miliyan biyu bayan yaƙi, da gidajen taron jama'a da ƙungiyoyin gama-kai da bukukuwan l'Unità na kowace shekara, ta samu kashi 34 cikin ɗari a zaɓen 1976, ba ta taɓa jagorantar gwamnatin ƙasa ba, ta rushe kanta a 1991. Littafin da ya buɗe na ƙarshe, mai lamba 29, na 1935, ƴan shafuka ne a kan nahawu. A ciki ya raba nahawun da kowane mai magana ke ɗauke da shi ba tare da ya sani ba da nahawun da ake rubutawa a koyar a makaranta, ya kuma nuna cewa zaɓen wanda za a rubuta, a cikin kare-karen harshe masu yawa, shawara ce ta siyasa.