BATTISTA FARINA: YARON GAREJIN DA SUNANSA YA HAU KAN MOTOCIN DUNIYA

  Mun saba kawo muku rayuwar malamai da sarakuna da mata na gari, to a wannan fitowar za mu leƙa ƙasar Italiya ne, mu duba rayuwar wani mai sana'ar hannu. Mutumin ba Musulmi ba ne, amma ai hikima kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta sai ya ɗauka. Kuma ko ba mu san sunansa ba, mun san aikinsa. Duk wadda aka kai ta ɗakin miji a cikin Peugeot 404, ko ta yi tafiyar Kano zuwa Kaduna a cikin 504, wato motocin nan da muke kira Fijo, to ta zauna a cikin siffar da ta fito daga kamfanin wannan bawan Allah. Sunansa Battista Farina, amma duniya ta fi saninsa da Pininfarina.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haife shi ran 2 ga watan Nuwamba na shekarar 1893 a yankin Piedmont da ke arewacin Italiya, ya kuma tashi a birnin Turin. Su goma sha ɗaya ne a wurin iyayensu, shi ne na goma. Saboda ƙanƙantarsa sai 'yan gidansu suka laƙaba masa suna Pinin, wanda a harshen yankin yake nufin ɗan ƙarami, kamar dai yadda mu ma a nan ake samun Ƙarami ko Ɗan'auta a kusan kowane gida. Ko da ya girma ma gajere ne, don haka sunan ya bi shi har tsufa.

Bai yi dogon karatun boko ba. Bai wuce shekara goma sha biyu ba ya shiga garejin yayansa Giovanni yana koyon aiki. Aikin garejin kuwa shi ne ƙera gangar jikin mota. Domin uwargida ta gane, a wancan zamani kamfanin mota yakan sayar wa mai kuɗi inji da tayoyi da ƙarfen da suke zaune a kai kawai, wato shasi. Daga nan sai mutum ya kai wa masu ƙira, su yi masa rufi da ƙofofi da kujeru yadda yake so. Tamkar dai ki sayi yadi ne a kasuwa ki kai wa tela. Masu ƙirar sukan fara sassaƙa siffar motar da katako, sannan su ɗauko falanki na ƙarfe su yi ta bugu da guduma har ya kwanta a kan siffar. A cikin wannan ƙarar guduma da ƙurar katako Pinin ya yi ƙuruciyarsa, har idonsa ya saba da gane layin da ya miƙe da wanda ya karkace tun daga nesa.

Tafiyarsa Amurka da aurensa

A shekarar 1920 ya tafi Amurka domin ya ga yadda ake ƙera motoci dubbai a masana'anta guda. A birnin Detroit ya gana da Henry Ford, mai kamfanin Ford, har ya yi masa tayin aiki. Pinin ya gode, ya koma gida. Sai dai abin da ya gani can bai bar zuciyarsa ba, domin ya fahimci cewa mota ba za ta dawwama a hannun masu kuɗi kaɗai ba, kuma wanda zai iya haɗa kyan aikin hannu da yawan aikin inji shi ne zai ci kasuwar gobe. A wannan shekarar ce ya auri matarsa Rosa. Suka sami 'ya mace, Gianna, a 1922, da ɗa namiji, Sergio, a 1926.

Ya ci gaba da zama a ƙarƙashin yayansa har 1930. Ku duba fa, kusan shekara ashirin da biyar yana yi wa wani aiki, bai yi gaggawar buɗe nasa ba. A watan Mayu na 1930, yana da shekara 36, ya kafa kamfaninsa a Turin mai suna Carrozzeria Pinin Farina. Jarin da ya tashi da shi ya fito ne daga hannun wata gwaggon matarsa mai hali, tare da goyon bayan Vincenzo Lancia, mai kamfanin motocin Lancia. Cikin 'yan shekaru kaɗan ya shiga ƙera wa Lancia da Alfa Romeo da Fiat gangar jiki, attajirai na layi a ƙofarsa.

Yaƙi da abin da ya biyo baya

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aikin ƙawa ya tsaya. Masana'antar ta koma ƙera wa sojan Italiya kayan aiki irin su motocin ɗaukar marasa lafiya, daga baya kuma jiragen yaƙi suka yi mata ruwan bama-bamai. Da aka gama yaƙin, Italiya na cikin ƙasashen da aka ci, don haka a bikin baje kolin motoci na birnin Faris a 1946 aka hana kamfanonin ƙasar shiga.

Pinin bai zauna yana ƙorafi ba. Shi da ɗansa Sergio suka tuƙo motoci biyu da suka ƙera, ɗaya Alfa Romeo ɗaya Lancia, tun daga Turin har Faris, suka faka su a bakin ƙofar zauren da ake bikin. Duk mai shiga sai ya tsaya ya kalle su, duk mai fitowa sai ya sake kallo. 'Yan jarida suka ɗauki labarin. An hana shi shiga ɗaki, sai ya baje kolinsa a zaure.

Motar da ta sauya ido

A 1947 ya fito da motar da ake kira Cisitalia 202. Kafin ita, in kika dubi mota za ki ga kamar tarkace aka harhaɗa: murfin taya daban, fitilu a tsaye daban, murfin inji a sama kamar akwati, ga matakala a gefe. Shi kuwa sai ya narkar da su duka suka zama jiki guda mai santsi, daga fitila har baya, babu inda ido zai yi tuntuɓe. Bai ɗora mata tarin ƙarfe mai ƙyalli ba. Waɗanda aka ƙera ba su kai ɗari biyu ba, amma a 1951 babban gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyok ya baje ta cikin motoci takwas da ya zaɓa, kuma a 1972 ta shiga cikin kayan ajiyarsa na dindindin.

A 1951 ne kuma ya ƙulla hulɗa da Enzo Ferrari, mai motocin tsere. Ana ba da labari cewa dattawan biyu kowa na ji da kansa, babu wanda ya yarda ya je wurin ɗan'uwansa, sai aka haɗa su a wani gidan cin abinci a garin Tortona, tsakanin garuruwansu. Daga wannan zama aka shafe fiye da shekara hamsin yawancin motocin Ferrari na kan titi zanen gidan Farina ne.

Motocin salun

Amma inda aikinsa ya taɓa talaka shi ne a motar salun, wato motar iyali mai ƙofa huɗu da but a baya. Ƙawata motar tsere mai kujera biyu ba shi da wuya kamar ƙawata salun, domin ita dole ta ɗauki mutum biyar da kayansu, rufinta ya yi tsawon da mai hula zai zauna bai sunkuya ba, kuma kuɗinta kada ya fi ƙarfin ma'aikaci.

A 1955 ya nuna wata motar gwaji mai suna Lancia Florida, sannan ya biyo ta da Florida ta biyu a 1957. Gefenta a miƙe yake kamar an goge shi da dutsen guga, da layi guda ɗaya tak da ya ratsa daga gaba zuwa baya, ga gilasai manya, ga ginshiƙan rufi sirara. A lokacin nan motocin Amurka sai ƙara fiffike da ƙyalƙyali suke yi, shi kuwa ragewa yake. Florida ta biyu ita ce ya riƙe a matsayin motar hawansa har ƙarshen rayuwarsa. Daga wannan zane aka fitar da salun ɗin Lancia Flaminia a 1957, wadda masana da yawa ke sa ta cikin mafi kyawun motoci masu ƙofa huɗu da aka taɓa yi. A 1961 kamfaninsa ya ƙera wa fadar shugaban Italiya guda huɗu na musamman daga cikinta, aka ɗauki Sarauniyar Ingila a ciki da ta kawo ziyara a shekarar.

Kamfanin Peugeot na Faransa shi ma ya neme shi. A 1955 aka fito da 403, ta sayu fiye da miliyan guda. A 1960 aka fito da 404, wadda in kika lura da ita za ki ga jinin Florida a jikinta, ita kuma ta wuce miliyan biyu. Kyanta bai hana ta ƙarfi ba, domin ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyi masu laka da ƙura. Iyayenmu sun san ta a matsayin tasi, sun san a-kori-kurarta da ke kai buhuna kasuwannin ƙauye.

Adalci kuma ya sa a faɗi abin da aka soke shi a kai. A daidai wannan lokaci ya zana wa wani kamfanin Ingila motoci irin su Austin Cambridge da Morris Oxford na 1959, waɗanda in aka jera su da 404 sai a ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya ne. Masu suka na ganin ya sayar da riga guda ga mutum biyu. Haka kuma ba kowane layi ne ya ja da hannunsa ba. Yana da ƙwararrun masu zane a ƙarƙashinsa, aikinsa shi ne ya duba, ya gyara, ya hana abin da bai gamsu da shi ba fita.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1958 kamfanin ya koma sabuwar babbar masana'anta a Grugliasco, kusa da Turin. A 1961 shugaban ƙasar Italiya, Giovanni Gronchi, ya sa hannu a kan dokar da ta haɗe laƙabinsa da sunan gidansu, zuriyarsa ta koma amsa Pininfarina. Sunan da aka sa wa yaro don ƙanƙantarsa shi ya zama sunan dangi. A wannan shekarar ce, da ransa da lafiyarsa, ya miƙa ragamar kamfanin ga ɗansa Sergio da surukinsa Renzo Carli. Motar ƙarshe da ya sa wa ido ita ce Alfa Romeo Duetto, aka nuna ta a Jeniba a watan Maris na 1966. Bayan 'yan makonni, ran 3 ga Afrilu 1966, ya mutu a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan yana da shekara 72.

Bai ga 504 ba, domin a 1968 ta fito, daga hannun yaran da ya horar. Ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. Daga 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, aka kuma ci gaba da yin 504 a can har 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Shi kuwa kamfanin Pininfarina, a 2015 rukunin Mahindra na Indiya ya sayi mafi yawan hannun jarinsa, amma sunan bai sauya ba.

Abin lura gare mu

Iyayena mata, sau nawa uwa take jin kunya don ɗanta yana gareji yana koyon gyaran mota ko bugun bodi, alhali ɗan maƙwabciya yana jami'a? Wasu har sukan hana 'yarsu auren mai baƙin mai a riga. Ba cewa nake a cire yara daga makaranta ba, a'a, zamanin nan sai da ilimi, na addini da na boko. Abin da nake cewa shi ne kada mu raina hannu. Annabawan Allah ma sun ci da guminsu, Annabi Dawud, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ƙarfe yake sarrafawa. Yaron da ya taso daga Islamiyya ya wuce wurin koyon sana'a ya fi wanda ya wuce dandali, kuma ƙarfafawar uwa na iya zama silar da zai kai inda ba a zato.

Mu tuna kuma da gwaggon nan. Dukiyarta ba ta tsaya a akwati ba, ta zuba ta a hannun wanda ta ga ya iya aiki, kuma dubban mutane suka ci abinci ta dalilin haka. A cikinmu akwai masu adashi da masu gwala-gwalai, kuma a danginmu akwai matasa da suka ƙware amma babu kuɗin kayan aiki.

Sannan mu dubi abin da ya sa motocinsa ba su tsufa a ido ba. Abokan zamaninta masu fiffike da ƙyalƙyali yayinsu ya wuce, amma 404 mai tsabta in ta gifta yau sai an waiwaya. Sirrin shi ne daidaito da inganci da barin abin da ba a buƙata. Addininmu ya riga ya koya mana haka: mu kyautata duk aikin da muka sa hannu, mu guji almubazzaranci da fariya. Wannan ya shafi ɗinkin da za mu kai wa tela, ya shafi jeren ɗakin amarya da ake cin bashi a kansa.

Allah Ya sanya albarka a hannun 'ya'yanmu, Ya ba su sana'a ta halal, Ya kare matafiyanmu a kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.