Abdullahi ɗan Fodiyo: Malamin da ya rubuta sunayen waɗanda suka koyar da shi

A zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, babu hukumar gwamnati mai tantance makarantu irin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Ijaza ce shaida, wato izinin da malami kan ba almajirinsa ya koyar da littafin da ya sauke a gabansa, haɗe da silsilar malamai har zuwa ga mawallafin. Wanda ya rasa ta, ko ya shimfiɗa buzu, masana ba sa dogara da ruwayarsa.

Abdullahi bai ɗauki wannan da wasa ba. A 1812 ya wallafa Ida'un Nusukh, inda ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umar da Muhammadu ɗan Raji, wanda ya karantar da shi Sahihul Buhari. Duk mai shakkar iliminsa yana da inda zai bincika.

Mulki kuwa bai kwanta masa ba. Ana tsakiyar jihadi ya ga son duniya ya shiga jama'a, sai ya kama hanyar Makka. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan tafiyar da mulki, sannan ya komo. Daga baya ya riƙe yammacin daula daga Gwandu, ɗan yayansa Muhammadu Buhari kuma ya zauna ribaɗi a Tambuwal.