Abu Zaid Al-Balkhi: Malamin da ya yi wa baƙin ciki magani da tunani

An haifi Abu Zaid Ahmad ɗan Sahal wajen shekarar 850 Miladiyya a ƙauyen Shamistiyan, kusa da birnin Balkh na yankin Khurasan, cikin ƙasar da ake kira Afganistan a yau. Daga sunan birnin ne ya sami laƙabin Al-Balkhi. Mahaifinsa malamin yara ne. Tun yana saurayi ya bi ayarin mahajjata zuwa Iraƙi, inda ya shafe shekara takwas yana neman ilimi. A can ne ya yi karatu wurin mashahurin masanin falsafa Al-Kindi, ya kuma nutsa cikin ilimin addini da likitanci da taurari.

Bayan ya komo gida ya kama karantarwa. Mai mulkin Balkh na lokacin, wanda takwaransa ne, ya yi masa tayin waziranci, amma ya ƙi, ya zaɓi aikin magatakarda. Daga baya ya koma ƙauyensu ya zauna kan gonarsa yana rubuce-rubuce. Ya wallafa littattafai masu yawa, sai dai galibinsu sun salwanta. Shekaru aru-aru an fi saninsa da ilimin taswirar ƙasa, domin a kan aikinsa ne Al-Istakhri da Ibn Hauƙal suka gina nasu.

Littafin da ya sake fito da sunansa a wannan zamani shi ne Masalihul Abdani wal Anfus, wato kiyaye lafiyar jiki da ta rai. Kashi na farko ya yi magana a kan abinci da barci da makamantansu. Kashi na biyu, mai babi takwas, shi ne abin lura. A cikinsa ya zargi likitocin zamaninsa da mayar da hankali kan jiki kaɗai, alhali mutum na iya shekara bai yi zazzaɓi ba, amma da wuya ya wuni ransa bai ɓaci ba. Ya kasa cututtukan rai gida huɗu: fushi, da tsoro har zuwa firgita, da baƙin ciki, da kuma waswasi. Wannan kalma ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, don daga Larabci ya aro ta, da ma'anarta ta tunanin da ke yi wa zuciya naci.

A kan baƙin ciki ne ya fi nuna zurfin basira. Ya ce iri biyu ne. Akwai wanda aka san sanadinsa, kamar mutuwar ɗa ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kashe masa jiki, ya raba shi da sha'awar abinci da hulɗa da jama'a. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce maganinsa na wurin likita, a haɗa da hira mai daɗi da abin da zai faranta rai. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci har gobe, musamman a inda ake saurin ɗora irin wannan hali a kan sammu ko iska, ko a ce mai shi ya rasa tawakkali.

Na farkon kuwa da tunani ake yaƙarsa. Misali, manomi a Garki wanda fari ya ƙone masa gero na iya zama yana faɗa wa kansa cewa tasa ta ƙare. A tsarin Al-Balkhi, sai a jawo hankalinsa ya auna abin da ya rasa da abin da ya saura a hannunsa, ya tuna waɗanda suka yi asarar da ta fi tasa suka kuma miƙe, ya lura cewa zafin musiba ya fi tsanani a ranar farko sannan ya riƙa raguwa, kuma halaka kai saboda abin da ya tafi asara ce ta biyu da ta fi ta farko. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi irin waɗannan tunane-tunane tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaka kafin ciwo ya zo. Da yake wanda ke cikin ƙunci bai cika jin nasihar kansa ba, ya ce yana buƙatar wani amintacce mai hikima da zai zame masa likitan rai. Mai tsoro kuma a riƙa kusantar da shi ga abin tsoron sannu a hankali har ya saba.

Fiye da shekara dubu bayan haka, a shekarun 1960, wani likita a Jami'ar Pensilbeniya ta Amurka mai suna Aaron Beck ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu munanan tunane-tunane da ke faɗo musu game da kansu da duniya da kuma gobensu. Ya tsara hanyar koya musu bincikar waɗannan tunane-tunane da gwada su da zahiri. Ita ce ta zama hanyar magani ta gyara tunani da ɗabi'a, wadda likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da ita, wani lokaci tare da ƙwayoyi. Beck ya kai ga tasa fahimtar ne ta hanyar aiki da majinyata, aka kuma gwada ta da bincike, abin da Al-Balkhi bai sami damarsa ba. Duk da haka kamannin a fili yake.

Al-Balkhi ya rasu a shekarar 934. Kwafin littafinsa na rubutun hannu ya tsira a ɗakin karatu na Ayasofiya da ke Istanbul. Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Jamus a 1984, sannan Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, ya fassara kashin da ya shafi rai zuwa Ingilishi a 2013.