BATUREN DA YA FARA SAUKE JIRGIN SAMA A KANO

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, ya san wuyar nisan gida. Mutumin Dapchi in ya taso daga Ikko a mota, sai ya kwana a hanya kafin ya ga Kano, sa'an nan ya sake ɗaura ɗamara ya nufi Gashuwa. Mai hali kuwa, cikin sa'a ɗaya da rabi jirgin sama ya sauke shi a Kano. To, wanda ya fara sauke jirgi a birnin nan wani Bature ne, ana ce da shi Arthur Coningham.

An haife shi a Birisben ta ƙasar Ostareliya ran 19 ga Janairu, 1895. Yana ƙarami iyayensa suka yi ƙaura zuwa Niyu Zilan, can ya yi makaranta a birnin Welintin, da ya fita ya kama aikin gona. Daga baya abokansa na soja suka laƙaba masa suna Mawuri, wato sunan mutanen asali na ƙasar, har bakin Turawa ya mai da shi Meri. Sunan nan na mata ya bi shi har ƙarshen ransa.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai ya shiga soja, aka tura su Samowa, wasu tsibirai ne a Tekun Fasifik waɗanda ke hannun Jamus a lokacin. Suka sauka garin Afiya a ƙarshen Agusta, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ƙasa ce ta zafi da ruwan sama da kwakwar Attagara. Ɗakunansu ba bango, ginshiƙai ne da jinka, iska na shiga ta ko'ina, kowace zuriya kuma da shugabanta mai wakiltarta a majalisar ƙauye. Saurayin da ya zo neman fama sai ya tarar da gadi kawai. Daga nan aka kai shi Masar, zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka sallame shi a 1916 a kan ba shi da sauran amfani ga soja.

Wani da sai ya koma gona. Shi kuwa ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa zuwa Ingila, ya koyi tuƙin jirgin sama. A Disamba 1916 aka tura shi Faransa, tsakiyar hunturun Turai. Jiragen zamanin na itace ne da ƙyalle, mazaunin matuƙi a buɗe yake, ba rufi. In mutum ya yi sama, sanyi kan daskarar da yatsunsa, har matuƙa kan shafa maiƙo a fuska don kada fata ta ci wuta. A haka ya yi yaƙi, ya kakkaɓo jiragen Jamus da dama, ya sami rauni, ya kuma sami lambobin yabo.

A 1925 yana aiki a Masar aka ba shi jagorancin jirage 3 ƙirar DH.9A, kowanne mai ɗaukar mutum biyu, aka ce ya kai su Nijeriya. Suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba, suka bi ta Hartum, da Alfashir, da Abashe, da Fallomi wadda yanzu ake kira Njamena. Mai karatu zai lura cewa wannan ita ce tsohuwar hanyar alhazanmu, wadda mutanen Kano da Borno kan yi watanni ko shekaru suna bi a ƙafa da kan jaki. Suka ratsa sararin Borno, ran 1 ga Nuwamba, a bakin shigowar hunturu, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, zamanin Sarki Usman. A lokacin ko dogo bai kai Nguru ba, sai a 1930. Suka koma Helwan ran 19 ga Nuwamba, bayan tafiyar mil 6,500 ko kusa da haka, da jiragensu duka uku.

Amfanin tafiyar nan ya dawo wa mai ita bayan shekara 16. A 1941, cikin Yaƙin Hitila, aka ɗora shi a kan mayaƙan sama na Ingila a hamadar Masar da Libiya. Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwa, don haka sai a kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta Gwalkwas, wato Gana, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Hartum, har Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya daga 1940 zuwa 1943. Da irinsu ya taimaka aka karya Janar Romel a Alamain a 1942. Dabararsa ita ce, a tara jirage wuri ɗaya a fara ƙwace sararin sama, kuma shugaban mayaƙan sama ya kafa tantinsa dab da na shugaban sojan ƙasa. Amma bai jitu da Janar Mongomari ba, don yana ganin shi kaɗai ke kwashe yabo. Ya jagoranci jirage a yaƙin Nomandi a 1944, ya bar aiki a 1947 da muƙamin Eya Mashal.

Ajali kuwa bai same shi a fagen fama ba. A Janairu 1948 ya shiga jirgin fasinja mai suna Star Tiger. Ran 29 ga wata suka tashi daga tsibiran Azoras za su tsibirin Bamuda, tafiyar kamar mil 2,000 a kan Tekun Atlantika, iskar hunturu mai ƙarfi tana dukansu ta gaba. Wajen ƙarfe 3 na dare aka ji muryar jirgin ta ƙarshe a rediyo. Mutum 31 ke ciki, har yau ba a ga ko ɓallinsa ba. A ranar nan, 30 ga Janairu, aka harbe Gandi a Indiya, labaran biyu suka fito tare a jaridu. Yana da shekara 53.

Coningham ba shi da kabari, amma hanyarsa tana nan. A 1936 jiragen wasiƙa suka fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, daga nan filin jirgin Kano ya kafu, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano. Daga cikinsa alhaji kan tashi da safe, ya yi sallar magariba a Jidda.